Abin da ke Ƙarƙashin Dutsen Iyaka

"A tona," in ji tsohon safiyon, mai awon filaye, ya miƙa wa ɗan ƙaninsa diga.

Rigimar a kan taku huɗu ce. Ɗan ƙanin zai ja katanga, ya rantse an matso da dutsen iyaka cikin filinsa. A taku huɗun nan kuwa lemon da marigayiya matar tsohon ta dasa yake tsaye.

"Baba, ko idon ya fara tafiya ne? Kowa na iya ɗaga dutsen siminti."

"Siminti kam, e. Amma mu ba ma kafa dutse sai mun binne gawayi da fasasshiyar kwalba a ƙarƙashinsa. Ɓarawon iyaka dutse yake ɗauka, ya bar shaidar a baya."

Tsohon ya sha faɗin haka a gida, matarsa tana ninke wanki, ko kai ba ta ɗagowa. Har ta rasu yana mata kallon wadda karatu ba ya shigarta.

Aka kawar da dutsen, sai ga gawayi baƙi ƙirin. Maƙwabta suka gyaɗa kai.

Tsohon ya durƙusa ya laluba ramin. Ba kwalba ya taɓo ba. Gutsuren farantin tangaran ne mai shuɗin baki, wanda ta ce masa ya ɓata a shekarar da lemon ya fara 'ya'ya.

"To, Baba, na gaske ne?"

Ya dunƙule gutsuren har ya yanke masa tafi. Shekara arba'in bai taɓa ƙarya a kan iyaka ba.

"Na gaske ne," ya ce.

Ashe duk tana ji. Ita ta matso da dutsen, saboda lemonta.