Ƙwarya ta Uku

Tun shekarar da aka kafa dokar, duk ɗalibin da ya shiga jami'a sai an naɗi muryar uwarsa, kowace ƙwaryar mashaya kuma ta san ta. Da zarar ya kai ƙwarya ta uku bakinsa, sai muryar ta ce, "Ya isa haka." Kunya ta sa yara da yawa sun daina sha.

Habila kuwa, tun da aka binne uwarsa a watan jiya bai fasa zuwa rumfar Mama Rifkatu mai burukutu ba. Ran nan da hantsi ya shanye biyu a tsaye.

"Habila, yau fa kana da jarrabawa," in ji Mama Rifkatu.

"Zuba ta ukun kawai, Mama. In ji muryarta, in tafi."

Tausayi ya kama ta, ta ɗebo da ludayi. Ƙwaryar tana hannunta, babu ko ɗigo a ciki, sai muryar ta fito a hankali:

"Rifkatu, da ɗanki ne, za ki zuba?"

Ta mayar da ludayin cikin tukunya. Ita dai ba ta taɓa haɗuwa da uwar Habila ba.