Hular Bilyaminu

Bayan la'asar Mu'awiya ya iso zauren gidansu Naja'atu a Ƙaura Namoda, riƙe da littafin da ta rubuta. A ciki ta juya tarihi: layin dogo bai tsaya Ƙaura ba, Turawa sun ja shi har Shinkafi. Ba mai bin hanyar mota, balle 'yan bindiga su tare shi. A can, saurayinta Bilyaminu, wanda a zahiri 'yan bindiga suka ɗauke a hanyar mota shekara biyu ke nan ba labari, ya sauka jirgi lafiya da farar hula.

"Na karance shi tas, Malama," in ji Mu'awiya. "Har ji na yi ina ma a can muke. Amma a nan, ni ke gabanki. Ki ba ni izini in turo magabatana."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Saura ƙiris ta amsa.

Ya yi murmushi. "Kuskurenki ɗaya dai. Hular ai koriya ce."

Yatsunta suka tsaya cak. Koriyar ce kuwa. Ita ta ɗinka hular a ɓoye, ta miƙa wa Bilyaminu a tasha cikin baƙar leda ranar da aka ɗauke shi, ya ce sai mota ta bar gari zai sa ta.

"Malam Mu'awiya," ta ce a hankali, "ina ka gan ta?"

Murmushin bai bar fuskarshi ba. Ya ajiye littafin, ya matsa ya tsaya daidai bakin ƙofa.