Maganin Fuskar Zinnira

Kafso ɗaya da safe, ɗaya da yamma, da cikakken kofin ruwa. Haka likitan da ta gani a Gwarzo ya gaya wa Zinnira, bayan ya juya fuskarta hagu da dama a gaban taga. Ya ce kurajen sun yi zurfi, maganin shafawa ba zai kai gare su ba, sai na sha, wata uku cur. Ya gargaɗe ta cewa maganin yakan tayar da zuciya, kuma rana za ta riƙa ƙona mata fata fiye da da.

Wata ukun ne kuma Hajiya Badi'a ta bayar. Ɗanta Mahbub, malamin firamare, ya shekara biyu yana zuwa Gude wajen Zinnira, har an kai gaisuwa. Ranar da uwar ta zo ganin yarinyar da idonta, ta ƙare wa kumatun kallo, ta ƙi taɓa furar da aka dama mata. Da ta koma gida ta aiko cewa ba za a sa rana ba sai fuskar ta washe, don ita ba ta yarda kuraje ne kawai ba.

Inna Uwaliya, mahaifiyar Zinnira, ita ta sa aka sayar da akuyarta aka sayi maganin. Shekara shida ke nan da ƙafafunta suka shanye. 'Ya'yanta maza biyu suna Legas, sai waya ranar sallah. Zinnira ke ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta fitar da fo, ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Hannun Inna dai ƙalau yake. Har daga Kabo ake zuwa sayen faifanta, don ba a gane inda ta haɗa kaba.

"Kawo ledar nan wajena," in ji ta ranar farko. "Hidima ta yi miki yawa, mantawa za ki yi."

Ba ta taɓa bari an tsallake ko sau ɗaya ba. Kafin Zinnira ta sauke koko, kafson yana tafin hannun Inna yana jira.

Zuciyar Zinnira ba ta tashi ba. Ta wuni a gonar gyaɗa, rana ba ta yi mata komai ba. Ta yi murna, ta ce jikinta ya karɓi magani. Daminar ma ta zo musu da sauƙi: ciwo ya shiga kajin maƙwabta, nasu ba wadda ta ko sunkuyar da kai.

Kurajen ne suka ƙi. Waɗanda ke kumatu suka haɗe suka yi tauri, sababbi suka fito a haɓa da wuya. Idan ta yi sujada goshinta zafi yake. Wata uku ya cika, ta koma Gwarzo. Likita ya tambaye ta ko tana tsallakewa, ko tana haɗa shi da nono. Ta rantse ba ta yi. Ya daɗe yana duban katinta, sannan ya canza mata wani kafson, ya ƙara wata uku. Inna ta sa aka kai tsofaffin tasoshinta na aure kasuwa.

Zuwan Mahbub ya koma sati biyu sau ɗaya, sannan ya koma waya, sannan wayar ta koma gajeren saƙo. Zinnira ta fara sa niƙabi. A bakin famfo mata suka riƙa janye bokitansu idan ta ajiye nata, domin maganar Hajiya Badi'a ta riga ta zaga gari, kowa da sunan da ya ba ciwon.

Hajiyar ta ƙara wata ɗaya, ta ce don Allah ta yi. Ranar da ya cika, aka ji an sa ranar Mahbub da wata yarinya a Masanawa.

Ranar ɗaurin auren, Zinnira ta kifa kai a cinyar uwarta da ba ta jin nauyi, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Inna tana shafa mata kitso, ita ma hawaye na zuba.

"Na daina shan maganin nan, Inna."

"Ba za ki daina ba. Ki ƙarasa shi, ko don ni. Ni a haka ma ina sonki."

Ta ci gaba da sha don kada ta ɓata wa uwarta rai. A satin nan ta yi amai sau biyu. Ta je shanya a tsakar gida, rana ta bar mata ja a goshi da bayan hannu. Sati uku, kumburin ya fara sacewa. Sati shida, ba sauran ƙurji ko ɗaya, sai ramukan tabo da likita ya ce ba za su tafi ba. Ya ce wani jikin yakan yi jinkirin amsawa.

Zinnira ta daɗe a gaban madubi tana lissafin yadda jinkirin wata biyu kacal ya raba ta da Mahbub. Inna ta ce haka Allah ya rubuta.

Ta cire niƙabi. Ba a yi kwana goma ba, wata Juma'a da la'asar, Datti mai shagon taki ya yi sallama da ita a ƙofar gida. Ta shafa hoda, ta sa turare, ta gyara wa Inna matashi.

"Je ki, 'yar albarka. Kada ki bar mutum a tsaye."

Inna ta saurara har ta ji dariyar 'yarta a zaure. Sannan ta jawo ledar maganin, ta zaro ƙullin garin masara daga ƙarƙashin katifa, ta koma aikin da ta ajiye tun ranar ɗaurin auren Mahbub: ta buɗe kafso, ta zazzage maganin a ƙwaryar dusar kaji da ke gefenta, ta cika shi da gari, ta mayar ta rufe yadda ba mai ganewa.