Masuncin da Ya Daina Jan Ƙafa

Tunda ka rantse sai ka ga bayan ɗan'uwanka saboda magana ɗaya da ya yaɓa maka, zauna tukuna, Ɗanjuma, ka ji wannan.

An yi wani masunci can kudu, inda kogi ke shiga teku. A ruwan akwai kunamar ruwa, kifi mai faɗi kamar faifai, da doguwar wutsiya mai ƙaya. Lafewa take yi cikin yashi a gaɓa, shi ya sa mutanen wurin ba sa ɗaga ƙafa in sun shiga ruwa, ja suke yi a hankali don ta ji motsi ta ba su hanya. Ubansa ya koya masa haka, har yakan nuna masa yadda take tashi, yashi na zuba daga bayanta. Ya gargaɗe shi cewa ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi, ɗaya ko biyu, don haka ba a taɓa mai ciki. Ran nan gaggawa ta sa ya ɗaga ƙafa ya taka ta, ta kuwa ɗirka masa harbi, ya yi jinya har damina ta wuce. Laifin wa? Amma gogan naka ya tashi da mashi, duk wadda ta zo gaɓa haihuwa sai ya soke ta. Tsofaffi suka yi ta ba shi baki, ya yi kunnen uwar shegu.

Kwanci tashi, ruwan ya zama fayau, ko ɗaya babu. Sai a lokacin kewa ta kama shi, wallahi kewa mai cin rai. Uban ya rasu, abin da sukan tsaya kallo tare shi ma ya tafi. Matasa suka riƙa tsallen-tsallensu cikin ruwa, in ya ba su labarinta su ce tatsuniya ce. Da ya tsufa, kullum da hantsi sai a gan shi a gaɓa yana ɗaga ƙafa yana takawa da ƙarfi, shi da ya san illar hakan fiye da kowa. Aka tambaye shi dalili, ya ce, "Ko Allah zai sa guda ta rage, ta harbe ni." Har ya koma ga Mahaliccinsa babu abin da ya taka sai yashi.

To, ka ji. Da na sani ƙeya ce, a baya take.