Fakarar da Ta Amsa wa Ndive

Ndive ya haɗa tafin hannunsa biyu a baki, ya hura. Kukan fakara ya ratsa kurmin dutsen. Can ƙasa ta wajen rafi, sai aka amsa.

Saura ƙiris ya daka tsalle. Wata uku ke nan yana gwajin kukan nan a bayan madafa, har matarsa Eposi ta rantse in bai bari ba za ta kwara masa ruwan wanke-wanke.

Gurbin ɗan jagora guda ɗaya tak ya rage a gandun dajin dutsen da ke saman garin Buea, mutum tara ke nema. Shugaban 'yan jagora ya yanke magana: kowa za a haɗa shi da baƙi, wanda ya nuna musu fakarar dutse mai jan baki, wadda sai a shekara ba a gan ta ba, koriyar rigar aikin tasa ce. Ndive ya san mutum bakwai cikin abokan takararsa, ya kuma san ko kukan kaza ba su iya ba. Cikon na taran bai damu ya tambaya ba.

Tsohon maharbi ne shi. Tun da aka hana farauta yake zaman kashe wando, Eposi ke dakon kayan masu hawan dutse tana ci da gida. Abin nan yana ci masa tuwo a ƙwarya ba kaɗan ba. Yau ma da ya farka ta riga ta fice, ta bar masa ƙunshin dafaffen gwaza a kan tebur.

"Mola, ita ce?" in ji Farfesa Atangana, baƙon da aka haɗa shi da shi, yana raɗa, kyamara a hannunsa. Mola kiran girmamawa ne ga namiji a garin.

"Ita ce mana. Mace ce ma, Farfesa. Ba ka ji yadda take jan ƙarshen kukan ba? Yanga ke nan."

Suka nausa. Laka har gwiwa, hazo ya sauka ya ɗaga. Kwarkwasa ta shige wandon Farfesa, dattijo da furfurarsa ya dinga tiƙar rawar da rabonsa da ita tun ranar aurensa, ga dariya ta hana shi numfashi. Suka tsallake kashin giwa mai ɗumi, ko kallo bai ishe su ba. Ndive ya hura, aka amsa. Ya ƙara, aka ƙara, kowane karo sai ta matso. Har 'yar karkarwar nan da yake yi a tsakiyar kukan, wadda ya daɗe yana tsoron kuskure ce, tsuntsuwar ma tana yin ta. Ashe daidai yake tun farko. Daɗi kamar ya kashe shi.

"Tsuntsuwar nan ta mato a kanka," in ji Farfesa.

"Bari kawai. Shekara goma sha tara da aure, ko matata ba ta taɓa amsa mini da sauri haka ba."

Rana na take tsaka, duhuwar ganye ɗaya ce ta rage tsakaninsu da ita. Suka kwanta rub-da-ciki suna jan jiki. Ndive har ya hango kansa cikin koriyar riga, ya shiga gida yana taƙama, ya ce da Eposi ta ajiye gammon dako, ta huta har abada. Ƙwalla ta ciko masa don murna.

Ya yi wa Farfesa alama ya shirya. Ya hura na ƙarshe, a hankali. Amsar ta zo dab da hancinsa.

Ya sa yatsa biyu ya buɗe ganyen.

Kyamarori uku suka haske masa ido, baƙi uku kwance cikin laka suna ƙunshe dariyar murna, a gabansu kuwa, hannu biyu haɗe a baki, cikon ta taran ce ke kallonsa: Eposi.