Fiffiken Hagu

Biba ta ninke gefen da aka ɗinka gaggafa, sannan ta miƙa wa Madam Perla ƙyallen.

"Na coci ne, Madam, irin na kullum."

Ƙarya take yi. Shimfiɗar teburin hafsoshin Nazi ce, gaggafar kuwa tambarinsu ce. Mutumin da take yi wa aiki a Paris yana sayar wa masu tara irin waɗannan tsofaffin kaya. Birnin Lyon yake turo ta tantancewa, don babu mai gane surfanin zamanin yaƙin duniya na biyu kamar wannan tsohuwa Bayahudiya, duk da ta makance. Duk ranar da Biba ta yi ƙaryar nan, shayin gidan ba ya haɗiyuwa.

Tsohuwar ta bi bakin ɗinkin da yatsa.

"Na gaske ne."

Biba ta kai hannu za ta karɓa. Tsohuwar ta riƙe gam.

"'Yata, daina ɓoye mini tsuntsun nan. A sansanin da 'yan Nazi suka tsare mu, mu aka tilasta wa ɗinka shi. Ni fiffiken dama, ƙanwata na hagu. Ita ba ta fito da rai ba. Don me kike tsammani nake karɓar aikinki? Buɗe mini hagun, in ji ko hannunta ne."