Gangarar Bakin Kwata

Winifred ta tsayar da kekenta na guragu a gaban sabon gidan da Shekari, wanda za ta aura, ya gina musu a Muchia. Matattakalar ƙofar gaba ta sha tayil, sai ƙyalli take yi, amma babu gangarar da ya yi mata alkawari tun ana haƙa tushen ginin.

"Ta ina zan shiga?" ta tambaye shi.

Ya sosa ƙeya, ya ƙi haɗa ido da ita. "An yi miki, zo ki gani."

Ya tura ta suka zagaya ta lungu. Can baya, tsakanin kwata da wurin zuba shara, an yaɓa siminti a bakin wata 'yar ƙofa. Ɗoyi ya bugi hancinta.

"Nan ne nawa?"

"Ki fahimce ni, Winifred. Mama ta ce in aka yi a gaba, gidan zai zama kamar asibiti. Baƙi za su riƙa tambaya."

"Kai kuma me ka ce mata?"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ranar biki da hannuna zan ɗauke ki, mu shiga ta gaba," ya ce a hankali.

"Washegari fa?"

Ya sa hannu zai tura keken.

"Cire hannunka daga kekena." Ta murza tayoyin da kanta ta juya, suna kwasar caɓi. "Ka ce wa Mama ta kwantar da hankalinta. Baƙinta ba za su ga gangara ba, ba za su ga gurguwa ba."